Dusar da nake zubarwa

Ran Asabar Inna ta same ni ina tankaɗe garin dawa karo na biyu. Ta leƙa cikin rariyar, ta ce, "Ke 'yar nan, kaji za ki ba abincin, ku ku ci farin?" Dariya na yi, amma maganar ta tsaya min, don ni ce mai koyar da ilimin halittu a gidan.

Harzar da ke cikin dusa, da ɓawon wake, da kuka, da zogale, cikinmu ba ya iya narkar da ita. Haka take wucewa har babban hanji, inda bakteriya ke tsamar da ita, kamar yadda kamu ke tsami idan ya kwana. Daga nan wasu ƙananan sinadarai masu tsami ke fitowa: asitet, furofiyonet da butiret. Butiret ɗin nan shi ne babban abincin ƙwayoyin da suka shimfiɗe bangon hanji, kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙarfinsu daga gare shi ne. Idan sun ƙoshi, sai su manne da juna gam, kamar tubalin da aka yi wa yaɓe mai kyau, dafin bakteriya ya rasa kafar shiga jini.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne ƙwaƙwalwa. Ita ma tana da nata shingen, mai tace abin da jini ke kawo mata. A 2014 masu bincike a cibiyar Karolinska ta Suwidin suka duba ɓerayen da aka raina ba ƙwayar bakteriya ko ɗaya a cikinsu. Da aka yi musu allurar shuɗin rini, sai ya tsiyaya cikin ƙwaƙwalwarsu. Da aka ba su butiret, ko bakteriyar da ke yin sa, shingen ya ɗinke. Ɓeraye ne dai, ba mutane ba, kada wani mai tallar magani ya ruɗe ku.

A 2010 kuma an gwada yaran wani ƙauye a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake, da yaran birnin Fulorens na Italiya. Na ƙauyen sun fi yawan sinadaran nan masu tsami, irin su butiret, a bayan gidansu.

Jiya sau ɗaya na tankaɗe. Tuwon ya fito da duhu, maigida ya tambaya ko injin niƙan ne ya lalace. Inna kuwa har ta nemi ƙarin malmala.