Batirin Dron: Abin da Aikin Ɗaukar Biki Ya Koya Mini a Kumasi

Yawancin samarin da ke shigowa sana'ar ɗaukar biki da dron, wato ƙaramin jirgi mai kyamara da ake tuƙawa da rimot, a zangunan Kumasi, daga Aboabo har Asawase, hankalinsu yana kan kyamara da nisan da jirgin zai iya yi. Batir kuwa, iyakar tambayarsu minti nawa yake yi a sama. Abin da na gane a wannan aiki shi ne, yawancin lalacewar batir tana faruwa ne a ranakun da babu aiki, yana ajiye a ɗaki ko a cikin mota.

Batirin da dron da ƙananan motocin rimot masu gudu suke amfani da shi ana kiransa LiPo. A cikinsa akwai sel, wato ƙananan baturan da aka haɗa suka zama ɗaya, kowanne bolt 3.7 ne a rubuce, ya kai 4.2 idan ya cika. In ka ga 3S a jikinsa, sel uku ke nan, bolt 11.1; 4S kuwa 14.8. Lambar mAh tana nuna yawan wutar da yake ɗauka, lambar C kuma yawan wadda zai iya saki a lokaci guda ba tare da ya wahala ba: batir mai 2200mAh da 25C, amfa 55 ke nan. Sai dai masu arha sukan zuga wannan lamba. Shi ya sa nake sa a ɗora batir a kan caja mai nuna kowane sel kafin in biya kuɗi. Idan sel ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa da fiye da bolt 0.1, ina barinsa, ko da mai kaya ya rage mini sidi nawa. Babban batir ma ba kullum yake ƙara lokaci ba, domin nauyinsa injinan jirgin ne za su ɗauka.

Aikinmu na ƙarshen mako ne. Ɗaurin aure, suna, walima, duk Asabar da Lahadi suke taruwa. Mutum ya dawo ranar Lahadi da dare a gajiye, wasu batura a cike domin bai kai gare su ba, wasu kuma ya tatse su ƙarƙaf, sai ya jefa jaka a lungu har Juma'a. Duka biyun cuta ne. Wanda ya zauna a cike kwana da kwanaki, musamman a ɗaki mai rufin kwano cikin zafin Fabrairu da Maris, sinadaransa suna lalacewa, iskar gas ta taru, ya fara kumburi. Wanda ya sauka ƙasa da bolt 3.0 a sel kuwa, da wuya ya koma yadda yake. Wurin hutunsa bolt 3.8 ne, kuma caja mai kyau tana da tsarin ajiya da ke kai shi nan da kanta. Baturan DJI, kamfanin ƙera dron, suna rage wutarsu da kansu bayan 'yan kwanaki, amma ba za su iya kare kansu daga motar da aka rufe a rana ba, wadda cikinta ke iya kaiwa digiri 60.

A wurin biki ma akwai gwaji. Amarya ta fito, dangi sun cika layi, batir ya yi ƙasa, mai biki yana cewa a ƙara zagaye ɗaya. Abin da nake faɗa ke nan: "Alhaji, a yi mini haƙuri, bari in sauke in canja, yara suna ƙasa." Ina sauka da sauran kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari. Jirgin da wutarsa ta yanke a kan taro, faɗowa zai yi a kan ɗan wani.

Maganar caji ita ce ta fi damuna, saboda yadda muke zaune. Gidajenmu na zango ɗakuna ne jere, iyali da yawa a tsakar gida ɗaya, katifa da labule da tukunyar gas kusa da juna. Idan dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya yi tsanani, wuta ta dawo da tsakar dare, abu mafi sauƙi shi ne a jona batir a kwanta. Maigidan da ya koya mini aiki bai taɓa yarda da wannan ba. Yakan kwatanta batirin da ke kan caja da kaskon mai ƙosai a kan wuta, wanda ba a juya masa baya. A kan siminti ake caji, nesa da katifa, cikin jakar da ba ta cin wuta ko akwatin ƙarfe da ba a rufe shi ruf ba, da bokitin yashi a gefe. Gudun cajin 1C, wato amfa 2.2 ga mai 2200mAh, kuma da ƙaramar wayar nan mai daidaita sel a jone. Wanda ya sauko daga sama da ɗumi sai ya huce tukuna. In ya fara hayaƙi, a fitar da mutane domin hayaƙin guba ne, kuma wutarsa takan sake tashi bayan an ɗauka ta mutu. Lambar 'yan kwana-kwana 192 ce, ko 112.

Iyayen da ke saya wa yara motar rimot su duba irin batirinta. Da yawa wani iri ne da ake kira NiMH, bolt 1.2 a sel, kuma cajarsa ba ta LiPo ba ce. Shigar bakin caja cikin batir ba ya nufin sun dace.

Wanda aiki ya kira Tamale ko Akara a jirgin sama, batura a jakar hannu suke tafiya, ba a cikin kayan da ake aunawa ba, a rufe bakinsu da salatif. Ƙasa da 100Wh ba ya bukatar izini na musamman, kuma lissafin Wh shi ne bolt sau amfa-awa (2200mAh amfa-awa 2.2 ne).

Sai batirin da ya kumbura. Na ga masu danne shi da littafi wai ya koma, na ga masu sayar wa sabon shiga a rabin kuɗi, kuma wannan na biyun zalunci ne. Kada a huda shi, kada a jefa shi a bola inda ake ƙona shara kuma yara suna tone-tone. A zuƙe wutarsa a hankali da caja ko ƙaramin kwan fitila, a waje, a naɗe wayoyinsa daban-daban, sannan a kai wa masu karɓar matattun kayan lantarki, a gaya musu ko mene ne.