Fallen katakon da na lalata a Kiremona

Tun ina yaro nake aikin kafinta, shi ya sa da na samu gurbi a wani ɗan shagon sassaƙa gogen Turawa a Kiremona, arewacin Italiya, na shiga da ji da kai. A ganina katako ai katako ne. Sati uku maigidan bai bar ni na yi komai ba sai wasa wuƙaƙe da dafa gam ɗin fata.

Ranar da ya miƙo mini fallen saman goge, itacen sufurus ne daga kwarin Fiemme, ya ce in kankare shi har kaurinsa ya dawo wajen milimita 3. Na duƙufa, hannuna na sauri kamar mai haɗa ƙofa. Da yamma ya riƙe fallen da yatsu biyu kusa da kunnensa, ya ƙwanƙwasa. Sautin ya fito a mace. Na zarce a tsakiya, kuma abin da aka kankare ba ya komawa. Itacen nan ya shekara goma yana bushewa a rumbunsa.

Na zaci kora ce. Sai ya zaunar da ni ya ba ni labarin gidan Amati. Andrea Amati ne ya kafa sana'ar a garin a ƙarni na 16, daga uba sai ɗa. Annobar 1630 ta kashe Girolamo, ɗan Andrea, ta bar ɗansa Nicolò kusan shi kaɗai, dole ya buɗe ƙofa ga almajirai bare. Cikinsu akwai Andrea Guarneri, kakan Giuseppe del Gesù wanda a 1743 ya ƙera gogen da shahararren makaɗi Paganini ya riƙa kaɗawa daga baya. "Su ma sun ɓata itace," in ji shi, "a gaban maigida dai suka ɓata."

Daga baya na je gidan tarihin goge na garin, na tsaya gaban katakan fitar da siffar goge da zanen takarda na Antonio Stradivari, fitaccen maƙerin gogen da bai ajiye aiki ba har ya rasu a 1737 yana da shekara casa'in da wani abu. Kayan ba su fi na shagonmu ba, abin har ya ɗan ba ni haushi.

Falle na biyu kwana tara na yi a kansa. Kankara kaɗan, in lanƙwasa da yatsa, in ƙwanƙwasa, in saurara. Na farkon kuwa maigida ya rataye shi a ƙusa daidai saman teburina, yana nan har na baro shagon.