Faɗuwar da ba farfaɗiya ba

A ƙaramin asibiti irin namu na ƙauye a Jigawa, duk wadda aka kawo tana fizge-fizge, 'yan uwa sun riga sun yanke hukunci tun daga gida: ko farfaɗiya ko iska. Zaman ɗakin duba marasa lafiya ne ya nuna mini akwai ta uku.

Faɗuwa ce mai kama da farfaɗiya sak, amma in aka ɗora wa mutum na'urar EEG mai auna wutar ƙwaƙwalwa a daidai lokacin da abin ya tashi, ba a ganin hargitsin wutar da ke haddasa farfaɗiya. Tushenta yakan haɗu da ciwon damuwa, ko fargaba mai tsanani, ko wani tashin hankali da aka gani aka haɗiye. A manyan cibiyoyin farfaɗiya, kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na waɗanda aka tura saboda magani ya ƙi ci, wannan ce ke damunsu, kuma kusan uku cikin huɗu mata ne.

Mu ba mu da na'ura, sai ido. Mai farfaɗiya in ta sanƙare tana jijjiga, galibi idonta a buɗe yake, abin ba ya cika wuce minti 2, takan ciji gefen harshe, ta farfaɗo tana munshari ba ta san inda take ba. Wannan kuwa idonta a runtse yake gam, in ka so buɗewa sai ta ƙara matsewa. Kai na juyawa dama da hagu, abin ya lafa ya sake tashi har minti 10 ko fiye, wani sa'in da kuka, kuma daga baya tana iya faɗa maka abin da aka ce a kanta. Babu alama ɗaya da ta isa hujja ita kaɗai, don akwai masu fama da duka biyun. Mai ciki kuma ba a tsayawa wannan lissafin, awon hawan jini ake fara yi saboda jijjigar masu ciki tana kisa. Shi ya sa nake roƙon 'yan uwa su ɗauki bidiyo da waya in abin ya tashi a gida. Ya fi dogon bayani amfani ga likitan da za mu tura wa.

Wahalar tana wajen faɗa. Da ka ce ba farfaɗiya ba ce, sai uwar miji ta gyara zama: "Likita, ai na faɗa, iya shege ne." Nakan ce, "Inna, ba da gangan take yi ba. Wanda ya taka maciji gwiwarsa ta yi sanyi, ba shi ya sa kansa ba." In ba a toshe wannan ƙofar nan take ba, yarinya za ta koma gida da ciwonta, ga gori a kai.

Sannan a fitar da kowa daga ɗaki. "Me ke damunki?" ba ta kawo komai sai "ba komai". Barci nake fara tambaya, sai cin abinci, sai yaushe abin ya fara. A nan ake jin ɗan da ya rasu aka ce ta yi haƙuri ta daina kuka, ko auren da ba ta so, ko dukan da ba wanda ya sani.

Ba na faɗa da masu rukiyya, addu'a ba ta hana magani. Hayaƙi a rufaffen ɗaki da bulala da sunan korar aljani ne ban yarda da su ba. Mu ma ma'aikata muna da namu: a ɗora mace kan maganin farfaɗiya fenobabiton shekara da shekaru tana layi, ko a yi ta dirka mata allurar dayazefam wadda ke iya danne numfashi. Wadda ta daɗe tana shan maganin farfaɗiya dai ba a tsayar mata lokaci guda, likita ne zai rage a hankali.

Maganin da ya fi aiki zama ne da ƙwararren lafiyar ƙwaƙwalwa, a gano abin da ke tayar da ciwon, a haɗa da maganin damuwa in akwai ta. Mukan tura Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ko na Kazaure. Da miji ya ji Dawanau sai ya ce matarsa ba mahaukaciya ba ce, ga kuɗin mota. Kafin ya amince, abin da nake koya wa mutanen gida shi ne a janye ta daga murhu da bakin rijiya, kada a cusa mata cokali a baki, kada a danne ta, a sallami 'yan kallo, mutum ɗaya ya zauna kusa yana kiran sunanta a hankali har ta dawo.