Sabo turken wawa: ni da rid guda

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki a badujala bayan shekara 14, yaran sashenmu na masu busa kilarinet kuma sun matsa lallai sai na bar musu wani abu a rubuce. Na san abin da suke so su ji: yadda ake tattalin numfashi a dogon fareti, da yadda ake karanta takarda rana tana dukan ido. Wannan duk Baba, dattijon da muke busa tare, zai koya musu fiye da ni. Abin da nake da shi labarin rid ne guda ɗaya, wato ɗan siririn abin da ake ɗaurawa a bakin kilarinet ya ba da sauti, lamba 3 a ma'aunin taurinsa, wanda ya sauko da ni daga kujera ta ɗaya zuwa ta uku, na zauna a can shekara 2 da wata 4. Waɗanda suka zo daga baya sun ji shi a bakin mutane, an zuba masa gishiri har ya yi yawa.

Duk mai busa kilarinet ya san kwali guda rid 10 ne a ciki, kuma ba duka ne na kirki ba. A nawa hannun, in na dace uku ko huɗu su yi daɗi, biyu su zama na atisaye, sauran sai haƙuri. To a ƙarshen wata Oktoba na ci karo da wani wanda ban taɓa busa irinsa ba. Tun ɗaurin farko ya amsa. Muryoyin ƙasa suka fito da kauri, na sama kuma ba sai na roƙe su ba. Har na kusa da ni ya juyo ya tambaye ni ko bakin kilarinet na canza. Daga ranar na daina taɓa sauran. Atisayen safe shi, na yamma shi, fareti shi, bikin da muke zuwa ranar Asabar shi. In na gama ko cire shi ba na yi, sai in kife murfi a kai in tura cikin akwati, wai kada in ɓata zaman da ya yi.

A lokacin ban ɗauki rid a bakin komai ba illa wani ɗan katako da ake saya. Alhali kara ne, wani iri mai kama da gora da masana ke kira Arundo donax, kuma mafi shahararsa a yankin Var ake noma shi, can kudancin Faransa kusa da Bahar Rum. Kamfanin Vandoren, da sunansu ke jikin kwalin da muke samu, tun 1905 suke wannan sana'a. Da sanyi ake sare karan, a bar shi ya bushe har kimanin shekara biyu, sannan a fere shi har bakinsa ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. Abin da ya girma yana shan iskar teku, aka fere shi ya fi farce siranta, shi na ɗauko na kawo garin da hunturu ke tsaga leɓen ƙato, nake jiƙa shi da yawu sau biyu a rana ina bari ya bushe a kan baki.

In ka ɗaga rid ka kalli haske ta cikinsa za ka ga zare-zare a jere. Hanyoyin ruwa ne na lokacin da karan yake raye. Yawu yana shiga nan, karan ya kumbura. Ka ajiye, ya bushe, ya tsuke. Kowane jiƙo da bushewa yana barin tabonsa. Bayansa, wanda ya kamata ya kwanta lif a kan bakin kilarinet, sai ya soma yin tozo, iska ta samu hanyar zurarewa ta gefe. Bakinsa kuwa kaɗawa yake sau ɗaruruwa a kowace daƙiƙa muddin kana busa, har zaren ya gaji ya daina dawowa da ƙarfinsa. Ga kuma abin da yawu ke ɗauke da shi yana toshe ramukan. Ni da nake shan shayi mai sukari uku kafin atisaye, in ɓantari goro a hanya, nawa har ja ya yi.

Da a dare ɗaya yake mutuwa da an huta, kowa zai gane ya jefar. A hankali yake tafiya, bakinka yana binsa. Yau ya ɗan yi laushi, ka ƙara matse leɓe ba ka sani ba. Jibi muryar sama ta ɗan sauka, ka ƙara cijewa ka ɗago ta. Kunnenka ma ya saba, domin sautin jiya kawai yake tunawa, ya manta na wata biyu baya. Na kai tsakiyar Disamba ina jin muƙamuƙina yana ciwo bayan atisaye, na ce gajiya ce. Baba, daga inda yake zaune da babban abin busarsa sakso, ya ce da ni, “Ɗana, muryarka ta rame.” Na yi dariya na ce hunturu ne, Baba. Bai ƙara ba.

Ranar da abin ya faru a Janairu ne, ƙura ta rufe gari. An zaunar da mu a fili tun bakwai na safe, babban baƙo bai iso ba sai wajen sha ɗaya. Muka yi taken shigowa, aka shiga jawabai. Fiye da awa ɗaya kilarinet tana kwance a cinyata ba murfi, iska tana bi ta kanta. Bayan jawabi na ƙarshe akwai waƙa mai taushi da Oga, shugaban badujalarmu, ya zaɓa, a cikinta akwai wurin da kowa zai yi ƙasa da murya in busa ni kaɗai, gajeren wuri ne amma yana hawa sama. Da na ɗaga zan sa a baki na ga leɓen rid ɗin ya yi lanƙwasa-lanƙwasa kamar gefen kwanon rufi. Na tsotse shi iya daƙiƙun da suka rage. Sandar mai jagorantar kiɗa ta nuno ni.

Muryoyi uku na farko sun fito, a shaƙe dai amma sun fito. Da na danna mabuɗin hawa sai ta yi tsuwa, irin ta ɗan tsakon da aka taka, lasifika kuma ta ɗauka ta raba wa fili duka. Na sake, ta sake. Na cije da ƙarfi kamar yadda bakina ya saba yi wata biyu, sai rid ɗin ya manne da baki ya rufe ruf, ko iska ba ta wucewa. Shiru. Yaron da ke kujera ta biyu, wanda ni na koya masa riƙon kilarinet, shi ya ɗauka ya ƙarasa. Akwai sabon rid a aljihuna, ko sau ɗaya ba a taɓa jiƙa shi ba, kuma ko da an jiƙa babu lokacin kwance maɗauri.

Ba a bari mun cire kaki ba. Oga ya tara mu a ɗakin atisaye, ya sa na kwance rid ɗin na miƙa masa. Ya ɗaga shi sama yana juyawa kowa ya gani. “Wannan rid ne ko tsinken sakace?” Aka yi dariya, har da waɗanda nasu ya fi nawa muni. Na ce, “Ranka ya daɗe, na rubuto takardar neman rid tun Nuwamba.” Ya ce bai ga wata takarda ba, kuma ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya kawo uzuri. Washegari sunana ya koma kujera ta uku a jikin allo.

Takardar kuwa na rubuta, da hannuna na ajiye a teburinsa, amsar da ya ba ni a tsaye ita ce mu yi maneji. Mu shida ne a sashen, kwali guda ake ba mu duk wata uku. Kowa ya yi lissafi: ko bibbiyu ba mu samu ba, na abin da in kana busa shi kullum mako biyu zuwa huɗu ne ƙarfinsa. Mabuɗin kabad ɗin kayan yana cikin aljihunsa. Duk da haka ba zan ce an bar jaki an daki taiki ba, don jakin ma ni ne. Ina da rid biyu na kaina da na saya, suna nan a ajiye, na ƙi busa su saboda ba su kai wancan daɗi ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai dai ɓera kaɗai aka hukunta, a gaban yaransa, kuma har Oga ya bar wurin bai taɓa kirana ya ce ya tuna da takardar ba.

A kujera ta uku Baba ya same ni. Gidansu gidan algaita ne, ya ce mahaifinsa da kansa yake yanko abin bakin algaitarsa, kuma bai taɓa ganin ya fita da guda ɗaya ba, kullum akwai wasu a ɗan gwangwani. “Mai mata ɗaya ma yana da ƙanwa,” in ji shi, “kai ka auri kara.” Ya kawo mini ɓallin gilashin taga da ya goge gefensa, ya ce in ɗora rid a kai in danna gefe da gefe, in ya yi rawa, bayansa ya yi tozo. Ya nuna mini in ɗaura rid, in toshe ƙasan bakin da tafin hannu, in zuƙe iskar ciki: lafiyayye zai manne na ɗan lokaci sannan ya saki da ɗan sauti, wanda ke yoyo ba zai riƙe ba ko kaɗan. Nawa na ranar faretin mun gwada shi, ko kamawa bai yi ba.

Tun daga nan huɗu nake juyawa, kowanne da lamba da ranar da na fara shi a rubuce da fensir a gindinsa. Sabo ba ya wuce minti biyar a ranar farko, ana ƙara masa kaɗan-kaɗan har mako ya zagayo. Na gama busa, in cire, in ɗauraye, in share, in kwantar a kan gilashi. Da hunturu ina sa su a roba mai murfi da ɗan soso mai danshi a gefe. Da damina in cire soson, in ba haka ba fumfuna ta cinye su. Duk Litinin ina ɗaura sabo in busa layi ɗaya, in mayar da tsoho in busa layin nan, domin ta haka kaɗai kunnena ke faɗa mini gaskiya. Wanda ya tsage, ko bakinsa ya ɓantare, ko ya yi baƙin ɗigo, babu shawara. Wanda ya yi laushi har sai na cije kafin muryar sama ta tsaya, shi ne mai haɗarin, don har yanzu yana busuwa. Irinsa nake dannawa a jikin ƙarfen ajiye takarda in karya bakin da kaina, saboda na san halina, in na bar shi a akwati wata rana zan koma masa.

Daga baya na sayi na roba, Légère, da ake yi a Kanada, kuɗinsa ya kusa na kwali guda. Ba ruwansa da jiƙo, ba ruwansa da hunturu, yana kai watanni. Shi nake ɗaurawa duk ranar da za a shanya mu a fili ana jiran baƙo. A ɗaki kuwa har gobe kara na fi so, kuma na robar ma yana laushi a ƙarshe, a hankali kamar ɗan'uwansa.

Sauran ba su da tsawo. Kowace takarda ka kai ofis ka yi biyu, a sa maka hannu a taka. Ka kurkure baki bayan shayi. In jawabi ya yi tsawo ka rufe murfi, ka riƙa jiƙawa. Kada ka ara wa kowa rid, ko ɗan ɗakinku ne. Wanda ya yi maka dariya ranar da ka faɗi, in ya zo neman gilashi ka ba shi. Sun zo, su huɗu, na ba su. Shekara tara ke nan ba a sake jin tsuwa daga kujerata ba, a fili ko a ɗaki, waɗanda suke nan shaida ne.

Da aka yi wa Oga canjin wurin aiki, an sa ni cikin masu ƙirga kayan da zai miƙa. Aka buɗe kabad ɗin nan. A can ƙasa, bayan tsofaffin takardun waƙa, kwali 11 ne a jere ko ledarsu ba a yage ba, bakwai daga ciki lamba 3. Karan da ba a jiƙa ba yana shekaru bai lalace ba, don haka duk lafiyarsu lau. Ni na rubuta adadin a takarda, shi ya sa hannu a ƙasa, bai ɗago ya dube ni ba. Da rid daga cikin kwalayen nan na yi gwajin da ya mayar da ni kujera ta ɗaya bayan wata biyu.