Aikin sa ido kan shinkafa: yadda muke bin gona da yanayi daga Kura zuwa Argungu

Kamfaninmu ƙarami ne, aikinsa kuma guda ɗaya: mu gaya wa masu injin casa, da masu ba manoma bashin iri da taki, da ƙungiyoyin manoman kansu, halin da shinkafa take ciki a gona kafin ta iso kasuwa. Mai injin casa yana son sanin yaushe shanshera za ta sauko, kuma buhu nawa. Mai bashi yana son sanin ko kuɗinsa zai dawo. Manomi kuwa tambayarsa ta fi kowacce gaggawa: in zuba taki gobe ko in dakata?

Muna da wakilai a Kura da Kadawa inda ruwan Tiga yake ciyar da kanal, da Auyo a kwarin Haɗeja, da fadamun Argungu da Suru a Kebbi, da Goronyo da Bakalori, sai kuma wajen Bida da Badeggi a jihar Neja. Kayan aikin kowane wakili ba su da yawa: ma'aunin ruwan sama, ma'aunin zafi mai riƙe mafi sanyin dare da mafi zafin rana, sanda mai zanen santimita, firam ɗin katako mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, reza, waya, da littafi. A cikin littafin nan, layin da ya fi kowanne daraja shi ne ranar dashe. Wanda bai san ranar da aka dasa gona ba, duk hasashen yanayin da za a karanta masa ba zai amfane shi ba, domin ruwa ko sanyi ko zafi ba su da hukunci ɗaya a kan shinkafa. Ya danganta da kwanakinta.

Ga lissafin, da nau'in shinkafar FARO 44 wadda manoma suke kira Sipi, tunda ita ta fi yawa a wurarenmu. Daga zuba iri zuwa yanka tana cin kwana 110 zuwa 120. Idan aka ciro ta daga reno tana da kwana 21, to bayan dashe da kwana 30 zuwa 35 za ta fara ɗaukar ciki, wajen kwana 60 zuwa 65 ta fitar da kai ta yi fure, sannan a ƙara wata guda ta nuna. Farkon cikin nan ba a ganinsa daga waje. Wakili zai tuge babban kara guda, ya tsaga shi da reza daga gindi zuwa sama. A saman gaɓar ƙarshe zai ga wani farin abu mai laushi kamar zaren auduga, bai wuce milimita biyu ba. Da zarar ya bayyana, lokacin zuba takin yuriya karo na biyu ya yi, kuma daga ranar har a gama fure ba a yarda fangali ya bushe. Sati biyar ɗin nan su ne shekarar manomi gaba ɗaya.

Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara: ranar da ake sa ran saukar ruwa a kowace ƙaramar hukuma, ranar ɗaukewarsa, da wuraren da za a iya samun tsaikon ruwa a tsakiya. Hukumar NIHSA mai sa ido kan ruwan koguna kuma tana fitar da nata na ambaliya. Muna karanta duka biyun da kyau, amma hasashe ne na yanki, gona kuwa tana zaune a wuri ɗaya. A Yuni da Yuli hadari yana iya zubar da milimita 40 a ƙauye guda, na kusa da shi mai nisan kilomita biyar ko ɗigo bai samu ba. Shi ya sa ma'aunin wakili yake da muhimmanci. Ana kafa shi a fili, nesa da bishiya da indararo, a karanta shi ƙarfe bakwai na safe kullum, a zubar da ruwan. Ranar da ba a yi ruwa ba ma a rubuta sifili. Barin gurbi babu komai yana rikita lissafin wata gaba ɗaya. Milimita ɗaya na nufin lita dubu goma a kan kowace hekta.

Ga masu shukar tudu da na fadamar da ta dogara da sama, ƙa'idarmu ita ce kada a amince da ruwan farko. Sai an samu aƙalla milimita 20 cikin kwana uku, kuma babu alamar tsaiko na sati guda a gaba. A wajen Bida wannan yakan samu tun Mayu, a Kano sai Yuni, a Sakkwato sau da yawa sai ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Wanda ya yi gaggawa iri yakan tsira ya ƙone, ya sake sayen wani.

Ambaliya ita ce babbar fargabar damina, kuma abin da mutane suke mantawa shi ne ruwan da ke cinye gona sau da yawa ba a garin aka yi shi ba. Manomin Auyo da Haɗeja dole ya san halin da madatsun ruwa na Tiga da Challawa suke ciki. Na Argungu idonsa yana kan madatsun Goronyo da Bakalori, domin abin da aka saki a can ta gabansa zai wuce. Na Yawuri yana kallon kogin Kwara tun daga Yamai. Masu noma a bakin Binuwai kuwa madatsar Lagdo ta Kamaru suke saurare. A 2020 ruwa ya shafe gonakin shinkafa masu yawan gaske a Kebbi ana dab da girbi, a 2022 kuma Jigawa ta ɗanɗana. Don haka daga tsakiyar Agusta kowane wakilin bakin kogi yana kafa sanda a wuri ɗaya, ya karanta safe da yamma. Saurin hawan ruwan ya fi tsayinsa ba mu labari.

In ruwa ya riga ya hau gona, tambayoyi uku muke yi: kwana nawa ya yi, ya rufe ganyen duka ko tsinin yana waje, kuma garau yake ko mai laka. Ruwan laka ya fi saurin kisa, don yana tare haske kuma yana barin taɓo a kan ganye. Shinkafar da aka saba da ita in ta nutse gaba ɗaya sati guda, da wuya ta tashi. FARO 66 da FARO 67 suna iya jure kusan sati biyu, amma a lokacin da suke 'ya'ya ne kawai. In sun yi ciki ko fure, su ma ba su da kariya. Wannan bayani ya kamata duk mai sayar da iri ya riƙa yi wa manomi ƙarara.

Noman rani nasa haɗarin daban ne, kuma a ganina an fi yin sakaci da shi, saboda manomi yana ganin tunda ga kanal ko ga injin ban-ruwa, magana ta ƙare. Sanyin hunturu na Disamba da Janairu yana tsayar da iri a reno, ya yi rawaya ya ƙi tashi. Wannan da sauƙi, yana farfaɗowa, sai dai kwanakin su ƙaru, dole a gyara lissafi. Mummunan shi ne sanyi ya riski shinkafa tana da ciki. In dare ya riƙa sauka ƙasa da digiri 18 a kwanakin nan, kai zai fito kyakkyawa a ido, amma in ka murza sai holoƙo. Wanda ya zuba iri a Nuwamba shi ya fi faɗa wa wannan. Abin da ake iya yi shi ne a ɗaga ruwan fangali zuwa santimita 15 ko 20, ya lulluɓe cikin ya riƙe masa ɗumi. A ɗaya gefen kuma, wanda ya makara har furensa ya faɗa tsakiyar zafin Afrilu da Mayu yana cikin wani hali. Shinkafa da hantsi take buɗe furenta, tsakanin ƙarfe tara da sha biyu. In zafi ya haura digiri 35 a sa'o'in nan, ƙwaya da yawa ba za ta kama ba. Ga ruwa yana ƙafewa da sauri, ga kuɗin fetur, ga ruwan farko na damina yana jiran ya same ta a masussuka.

Zagayen gona sau ɗaya ne a sati, da sassafe, raɓa ba ta bushe ba. Ba a tsayawa a bakin kunya, sai an ratsa gona daga kusurwa zuwa kusurwa. Yawancin kuskuren sabon wakili a kan launi ne, domin rawaya iri-iri ce. Ta yunwar taki daga tsofaffin ganye take farawa, ta game fangali bai ɗaya. Ta cutar rawaya mai bin ƙwari tana zuwa tsibi-tsibi, ganyen ya yi dabbare-dabbare, shukar ta tsumbure, kuma ko an juye buhun yuriya ba za ta gyaru ba. In ganye ya yi ja kamar tsatsa, ga wani maiƙo-maiƙo a saman ruwan, to ƙarfe ne ya yi yawa a ƙasar, maganinsa a sauke ruwan a sako sabo. Haka ma in kai ya fito fari fat babu ƙwaya, dalilinsa iri-iri ne. A kama shi a ja: in ya zare cikin sauƙi, gindinsa a cinye, tsutsar kara ce. In ya ƙi zarewa kuma wuyansa ya yi baƙi-baƙi, cutar bilas ce, wadda take son raɓa mai daɗewa da lumshi da takin da ya wuce kima. In kuwa aka ga kara ya miƙe kamar ganyen albasa, ƙudan shinkafa ne ya shiga, kuma wannan karan ba zai yi kai ba har abada. A kwarin Haɗeja wakili yana ƙara duba kacalla, don a cikinta tsuntsayen jan-baki suke kwana, su faɗa wa gona da zarar ƙwaya ta yi madara.

Muna duba hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2, masu zuwa duk bayan kwana biyar, don ganin faɗin filin da aka noma da inda kore ya ragu. A Agusta gajimare yana rufe su, sai mu koma na Sentinel-1 mai aiki da rada, wanda yake ratsa gajimare ya nuna inda ruwa ya kwanta. Hoton yana nuna mana inda za a tura mutum. Dalilin matsalar sai wanda ya shiga taɓon ya gani.

Ƙiyasin amfani ana yinsa sati biyu kafin yanka. A jefa firam a wurare biyar ba tare da zaɓen inda ya fi kyau ba, a ƙirga kawunan da ke ciki, a ɗauki goma a ƙirga ƙwayarsu, a ware cikakkiya da holoƙo. Misali kai 250 a mita guda, kowanne da ƙwaya 100, kashi 80 cikin ɗari cikakku, ƙwaya dubu kuma tana da nauyin giram 25: ya kama giram 500 a mita, wato tan biyar a hekta. Daga nan sai a rage abin da kunya ta cinye da abin da zai zube wajen yanka da bugu. Muna rubuta rahoto da kilo, saboda buhun Kura da na Argungu ba nauyinsu ɗaya ba.

Lokacin yanka shi ne sanda kashi 80 zuwa 85 na ƙwayar ta koma ruwan ƙasa-ƙasa irin na tattaka, damshinta yana wajen kashi 20 zuwa 22. A sauke ruwan fangali kwana goma kafin nan don ƙasa ta ɗauki ƙafa. In an jinkirta, rana ta busar da ita raɓa ta sake jiƙa ta, ƙwayar takan tsage a cikin ɓawonta, a wajen casa ta fito gutsi-gutsi, farashi ya faɗi. Bayan bugu a shanya a tamfol, kaurin shimfiɗar kada ya wuce yatsa uku, ana motsawa, har damshi ya sauko kashi 14 kafin a ɗinke buhu. Wadda za a ajiye don iri a ƙara mata rana ta kai kashi 12.