Gishirin lasa da shuɗin da ke kama guba

Sana'ata haɗa gishirin lasa da sayar da maganin dabbobi a Bukuru, kusa da kara. Gishiri, kanwa, dusa da ɗan siminti muke kwaɓawa, mu danna a mazubi, mu shanya a inuwa. Kafin kwaɓi sai yarona ya bi kan garin da mayen ƙarfe, don guntun waya ɗaya ya isa ya huda tumbin saniya.

Wani mai garke da ke shayar da shanunsa a tafkunan da masu haƙar kuza suka bari ya ji tsoron guba a wurin, ya nemi in haɗa masa irin gishirin da aka ba dabbobi a Turai bayan fashewar tashar nukiliya ta Carnobil a 1986. Maganin gaskiya ne. Shuɗin Purushiya ake ce masa, garin rini da aka fara samu a Balin ta Jamus tun wajen 1706. A Norwe an zuba shi a gishirin lasa na tumaki, gubar siziyom, sinadarin nukiliya da fashewar ta watsa, ta ragu sosai a namansu.

Sirrin yana cikin gininsa. Ƙwayoyin ƙarfe iri biyu ne suka jeru, kabon da naitirojin suka haɗe su, suka bar ramuka kamar saƙar zuma. Ramin daidai yake da girman siziyom: ta faɗa ciki a hanji, ta maƙale, ta fita a kashi kafin ta kai ga jini ko nono. Duk da ƙarfen da ke cikinsa, mayen ƙarfen shagona ba zai ɗauke shi ba, sai an sanyaya shi zuwa wajen digiri 267 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas yake zama maganaɗisu.

Na ce masa, "Alhaji, ba zan karɓi kuɗinka a kan wannan ba." Abin da ke cikin yashin kuzar Filato toriyom ne da yuraniyom, wasu sinadaran nukiliya daban, shi kuwa shuɗin siziyom da wani ƙarfe mai guba, taliyom, yake kamawa. Ko buhu guda saniya ta lashe, ba abin da zai tsinana mata. Abin da ya fi damuna shi ne wani zai iya rina gishiri da bula ya sayar wa makiyayi da sunan maganin guba, makiyayin ya saki jiki.

Na shawarce shi ya haƙa rijiyar burtsatse nesa da tarin yashin, ya kuma nemi likitocin cibiyar binciken dabbobi ta Vom su duba garken. Gishirin da muka saba ya saya, dunƙule goma.