Asabar a gonar Oto-san, cikin tsadar shinkafar Japan

Asabar, 14 ga Yuni, 2025. Minami-Uonuma, lardin Niigata.

A wannan watan alfijir yakan keto wajen ƙarfe biyu da rabi na dare, kafin huɗu da rabi kuma rana ta riga ta leƙo. Na yi sallah na koma na kwanta, amma kwaɗin fadama suka hana ni barcin kirki. Ƙarfe shida na hau keke na nufi gidan Oto-san, tsohon da nake taya aikin gona idan babu darasi. Haka kowa yake kiransa a ƙauyen, wato Baba, matarsa kuma Oka-san, wato Mama, ni ma na bi sahu. Ya haura saba'in da biyar. Na tarar da shi ya riga ya ɗora injinan yankan ciyawa biyu a bayan 'yar farar motarsa, irin ƙananan akori-kurar nan da babu gidan manomin da ba shi da ita.

Aikin yau share kunyoyin da suka raba fadamu ne. An yi dashe tun watan jiya, shinkafar ta kama ƙasa ta yi kore shar, ciyawa ma ta ce ba za a bar ta a baya ba. Idan aka ƙyale ta, ƙwarin da ke tsotse ƙwayar shinkafa a ciki suke ɓuya, su bar baƙin tabo a jikinta, daraja ta faɗi ranar awo. Ga kuma idon maƙwabta. A nan wanda ya bar kunyarsa da ciyawa ba za a ce masa uffan ba, amma kowa ya gani. Dutsen Hakkai yana can cikin hazo, yayyafi yana zuwa yana ɗaukewa, mu kuma muna ta zuga inji har kafaɗata ta daina jin kanta.

Ƙarfe goma Oka-san ta zo da shayin sha'ir mai sanyi da dunƙulen shinkafa, gishiri kawai a jiki. Tun da ta gane ba na cin naman alade, ba na kuma son abin da aka zuba wa giyar girki, ta daina wahalar da kanta, ta ce ai shinkafarsu ba ta neman miya. Gaskiyarta. Koshihikarin Uonuma ce, wadda a duk faɗin Japan ake yi wa kallon sarauniyar shinkafa, mai danƙo da ɗan zaƙi ko ta huce. Muna zaune a bakin kwalbati sai wayar Oto-san ta yi ƙara. Ya duba, ya mayar aljihu, ya ce ɗan ƙanwarsa ne daga Saitama. Oka-san ta yi dariya ta ce, "Bana dai mun yi dangi. Wanda ko katin sabuwar shekara ba ya aiko mana, yanzu yana tambayar lafiyar gwiwarka."

Abin da yaron yake nema kowa ya sani. Tun watan Agustan bara shinkafa ta fara ɓacewa daga kantuna, lokacin da hukumar yanayi ta yi gargaɗin yiwuwar babbar girgizar ƙasa a yankin Nankai, mutane suka ruga suna saye suna ajiyewa. Ma'aikatar noma ta ce a kwantar da hankali, da sabuwa ta shigo farashi zai sauka. Sabuwa ta shigo, farashi ya ci gaba da hawa. A tsakiyar watan Mayun nan matsakaicin kuɗin jakar kilo biyar ya kai yen 4,285, ninki biyu na bara. Da na lissafa wa Hajiyarmu a waya cewa kusan naira dubu 45 ke nan a kan abin da bai wuce kwano biyu ba, sai ta ce in daina ci, in koma taliya. Japanawa da yawa ma shawarar da suka yanke ke nan.

Sai kuma ministan noma, Taku Eto, ya je wani taro a Saga ranar 18 ga Mayu ya ce shi bai taɓa sayen shinkafa ba, magoya baya suna kawo masa har ta yi yawan da zai iya sayarwa. Baki shi ke yanka wuya. Kwana uku bayan nan ya ajiye muƙami, Firaminista Ishiba ya naɗa Shinjiro Koizumi. Na tambayi Oto-san ko maganar ta ɓata masa rai. Ya ce shi ma bai taɓa sayen shinkafa ba, amma shi da bayansa yake biya.

Daga nan hira ta yi nisa, har na ga alamar ya manta da ciyawar. Ya nuna mini wata fadama can gefen rafi da ta zama daji, da wata da aka shuka waken suya. Ya ce yana saurayi gwamnati ta fara biyan manoma kuɗi don su rage noman shinkafa. Tsarin da suke kira gentan ke nan, wanda ya kankama a 1971. Dalilinsa a fili yake: mutane sun rage ci. A 1962 Bajapane ɗaya yakan ci kilo 118 a shekara, yanzu abin ya dawo wajen kilo 50, saboda burodi da taliya da nama sun shigo. Rumbunan gwamnati suka cika suka batse, aka ce a rage shuka don kada farashi ya karye. Ƙasar da ta girbe tan sama da miliyan 14 a 1967, bara shinkafar ci da ta noma ba ta kai tan miliyan 7 ba. A takarda an soke tsarin a 2018, amma har yau ana ba da tallafi ga wanda ya koma waken suya ko alkama ko shinkafar dabbobi, kuma har yau ma'aikata tana fitar da hasashen abin da za a ci, manoma su auna shukarsu da shi. Wato ana noma daidai cikin cokali, babu rara. To sai zafin 2023 ya zo ya ƙona amfanin. A nan Niigata Koshihikarin da ta samu daraja ta ɗaya a shekarar ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba, ƙwayar ta yi fari-fari kamar alli, ana casa tana karyewa. Ga baƙi 'yan yawon buɗe ido kusan miliyan 37 da suka shigo a 2024, kowa yana neman sushi. Ni dai ban yarda baƙin ne suka cinye ba, kamar yadda wasu suke so a ce. Wanda ya yi kwana goma ya tafi, nawa zai ci? Lissafin ne aka matse tun farko, ƙaramin kuskure ya isa ya tona asiri.

Oto-san ya ce ya ga irin wannan a 1993, shekarar da damina ta yi sanyi, shinkafa ta ƙi cika. Gwamnati ta shigo da ta Thailand mai dogon jiki, mutane suka ƙi ta, wasu har zubarwa suka yi. Oka-san ta ce ita ma ba ta iya ci ba, ta ɗan sunkuyar da kai tana kallona, don ta san irin ta nake nema a shagon 'yan Pakistan. Bayan waccan shekarar ce aka kafa rumbun ko-ta-kwana na ƙasa, wanda ake ajiye kusan tan miliyan ɗaya a ciki. Shi ake ta fasawa yanzu. Tun Maris aka fara gwanjonsa, ƙungiyar manoma ta JA ta kwashe fiye da kashi 90 cikin 100, amma kaɗan ne ya iso kanti a kan lokaci. Koizumi da ya zo sai ya bar gwanjo, ya sayar wa manyan kantuna kai tsaye, ya ce yana so a ga kilo biyar a kan yen 2,000. Ranar 31 ga Mayu aka fara sayarwa a Tokyo, mutane suka yi layi tun da sassafe a kan shinkafar da aka girbe a 2022. Yanzu har ta 2021 ta fito, ƙananan shagunan da ba sa rufewa suna ƙulla ta kilo ɗaya-ɗaya. Wani shugaban jam'iyyar adawa, Yuichiro Tamaki, ya ce ai nan da shekara guda abincin dabbobi za ta zama, shi ma sai da ya ba da haƙuri.

Na ce wa tsohon, to ai ku kakarku ta yanke saƙa, tun da farashi ya ninka. Ya yi shiru yana murza gwiwa. Ya ce tasa ta bara ya riga ya miƙa tun kaka, a farashin kaka, abin da ya hau daga baya ba aljihunsa ya shiga ba. Bana kam dillalai sun fara zagayowa tun kafin a gama dashe, suna taya abin da bai ko fitar da kai ba. Ya ce kuɗin yana da kyau, ba ya musu, amma shekara talatin yana sayarwa a farashin da da ƙyar yake mayar da kuɗin taki da mai, kuma babu wanda ya zo daga Tokyo da kyamara a lokacin. A watan Maris manoma sun shiga tsakiyar Tokyo da taraktoci suna zanga-zanga, suna ɗaga adadin da aka ciro daga ƙididdigar ma'aikatar noma kanta: a 2021 da 2022, idan aka cire kuɗin da aka kashe, abin da ya rage wa matsakaicin mai noman shinkafa yen 10 ne a kowace awa ta aiki. Adadin ya haɗa da masu 'yan ƙananan gonaki da ke da wani aikin albashi, don haka manyan gonaki ba haka suke ba. Amma irin su Oto-san ne suka fi yawa, kuma fanshonsa ne yake riƙe gonar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya fara ƙirga gidajen ƙauyen da yatsa. Wancan ya rasu, 'ya'yan suna Tokyo. Wancan ya bari da injin girbinsa ya lalace, don sabo miliyoyin yen ne, kuma wa zai ci bashi yana da shekara tamanin? Wancan ya ba kamfanin noma haya. A faɗin ƙasar, waɗanda noma ne babbar sana'arsu sun kai miliyan 2.4 a shekarar 2000, bara sun dawo wajen miliyan 1.1, matsakaicin shekarunsu 69. Yanzu gwamnati ta fara maganar a ƙara noma. Oto-san ya ce, "A ƙara, to. Wa zai ƙara? Fadamar da ta shekara biyar ba ruwa, ba a cewa ta tashi ta tashi." Ɗansa yana aiki a wani kamfani a Yokohama, yakan zo dashe da girbi da jirgin ƙasa mai gudun tsiya, sa'a ɗaya da rabi daga Tokyo zuwa tasharmu ta Urasa, ya koma ranar Lahadi da jakar shinkafa. Oto-san da kansa ya ce masa kada ya dawo ƙauye ya kama noma. Oka-san ba ta ce komai ba a nan, ta hau tattara kofuna.

Kamfanin noman zai karɓi manyan fadamun da ke shimfiɗe a kwari, inda babban inji zai shiga ya juya. Ƙananan da ke hawa-hawa a gindin dutse babu mai so, kuma su ne tsohon yake cewa sun fi daɗin shinkafa, saboda ruwan ƙanƙarar da ke narkewa daga sama yana isa gare su da sanyinsa.

Muka koma aiki har lasifikar gari ta buga kiɗan sha biyu. Da zan tafi ya buɗe rumbunsa, wani ƙaton firiji mai cin buhuna masu kilo talatin-talatin, na ga sabon kwaɗo a ƙofar. Ya ce an ba da labarin satar shinkafa a Ibaraki, Oka-san ta matsa sai ya saya, duk da ƙofar gidansu kanta ba sa kulle ta. Ya ɗebo mini kilo goma wadda ba a casa ba. Na ce ta yi yawa, ya ce in karɓa kafin ɗan Saitama ya sake kira.

A hanya na tsaya a rumfar casa. Wani ɗan ɗaki ne a bakin titi, ba kowa a ciki, ka jefa yen 100, ka zuba kilo goma, ka danna irin farin da kake so, ta fito da ɗuminta. Dusar ma akwai inda ake ɗiba, tsofaffi suna yin tsamin kayan lambu da ita. Sannan na leƙa babban kanti don sayen ƙwai da albasa. Sashen shinkafa ba wayam yake ba, amma takardar nan tana nan: jaka ɗaya ga kowane gida. Wata mata da ɗanta a keken kaya ta daɗe tana juya jakar Koshihikari, ta duba farashi, ta ajiye, ta ɗauki wata gauraya mai rahusa. Tagar kantin tana kallon fadamu ne har iya ganinka. Shinkafar waje ma ta fara samun shiga a birane, ta Kaliforniya da ta Taiwan, har da ta Koriya ta Kudu, duk da harajin yen 341 da ake ɗora wa kowane kilo da ya wuce kason da aka yarje. Tsadar ta gida ta kai inda ko an biya harajin ana cin riba.

Da magariba labarai duk Koizumi ne, yana tsaye a gaban jakunkuna. Zaɓen majalisar dattawa yana tafe a watan gobe, don haka kowace jam'iyya ta zama masoyiyar manomi da mai saye a lokaci guda. Abokin zamana ɗan Indonesiya ya ga jakata ya ce a raba, na ce ya zo Asabar mai zuwa, Oto-san zai janye ruwa ya tsaga magudanai a cikin fadamun, aikin da ake yi cikin taɓo har gwiwa. Ya ce zai duba jadawalinsa. Na auna masa kofi uku.